Jirage Biyu, Tsawo Ɗaya: Yadda Muka Zaɓi Jirgin Kamun Kifi a Jidda

A Yawuri aka haife ni, gidanmu bai kai tafiyar minti goma zuwa bakin Neja ba. Na iya riƙe filafili kafin in iya riƙe alƙalami. Shi ya sa da aiki ya kawo ni Jidda, duk Juma'a bayan la'asar ƙafata ba ta tsayawa ko'ina sai Abhur, wannan mashigin teku da ke arewacin birni, inda ƙananan jirage ke fita Bahar Maliya. Shekara shida ina biyan kuɗin kujera a jiragen mutane. Daga baya ni da wani abokina, haifaffen nan wanda kakanninsa suka zo aikin Hajji daga Kano suka zauna, muka yanke shawarar haɗa kuɗi mu sayi namu. Takardu da sunansa, kula da jirgi a wuyana.

Yawancin jiragen da ke Abhur na faiba ne. Mu kuwa alminiyam muke so, saboda ba mu da kuɗin hayar wurin ajiya a kan ruwa. Muna buƙatar abin da ƙaramar mota za ta ja a tirela, mutum biyu su sauke shi, su mayar, a wanke shi da ruwan famfo a ƙofar gida. Bayan wata biyu muna nema, zaɓi ya rage tsakanin jirage biyu, dukansu na hannu. Kowanne tsawonsa ƙafa 16 ne, wato kusan mita biyar, kowanne da inji mai ƙarfin doki 40 maƙale a bayansa. Na farko fes yake, da kujeru masu laushi da sabon fenti, kuma ya fi araha da kusan kashi ɗaya cikin uku. Na biyu duk ya koɗe, kujerunsa benci ne kawai.

Abokina ya kalle ni ya ce, "Malam, ai wannan ba ya buƙatar shawara. Tsawo ɗaya, inji ɗaya, mu ɗauki mai sauƙin."

Ni ma zuciyata can ta karkata. Abin da ya tsayar da ni maganar uwargida ce. Ta ce ita ba ruwanta da fenti, tambayarta ɗaya: ranar da zan ɗauki yaranmu biyu, wanne ne zai dawo da su? Na rasa amsa. Sai na nemi wani dattijo, tsohon matuƙin jirgin masunta wanda shi ma jinin Hausawa ne, na roƙe shi ya raka mu.

Baba bai ko kalli kujerun ba. Durƙusawa ya yi ya leƙa ƙarƙashin jirgin farko, ya ce in zo in gani. Cikinsa shimfiɗe yake kamar faranti, sai ɗan tsini a goshi. Na biyun kuwa ƙirjinsa a tsaye yake kamar na zakara, tsinin ya taho tun daga goshi har baya. Ya ce, "Ɗana, wancan na ruwa kwance ne. Wannan shi ne na teku." Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki ba ya tangaɗi idan ruwa ya natsu, yana shiga wuri mara zurfi, kuma ba ya shan mai sosai. Amma da igiyar ruwa ta taso, sai ya riƙa hawa yana faɗowa da cikinsa, kowane bugu har cikin ƙashin bayanka. Mai tsinin ƙirji yanka igiyar yake yi. A Jidda wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin iskar da ta fi yawa daga arewa maso yamma take busowa, kuma takan ƙara ƙarfi da rana. Sau da yawa za ka fita da asuba teku kamar tabarma, ka juyo bayan azahar ka tarar ya canza fuska.

Daga nan ya ƙwanƙwasa jikin kowanne da ɗan yatsa. Ƙarar ta bambanta. Da muka duba takardu, ƙasan na farko kaurinsa milimita 2 ne, an haɗa shi da ƙusoshin ribit. Na biyu milimita 4 a ƙasa, 3 a gefe, walda aka yi masa gaba ɗaya. Baba ya ce ribit ba aibi ba ne, jirage da yawa sun tsufa da shi lafiya a tafkuna. Matsalar ita ce bugun igiya na yau da gobe yana sassauta ƙusoshin, ruwa ya fara tsattsafowa. Ya sa aka zuba ruwa a cikin jirgin yana kan tirela, muka tsuguna muna kallo. Ba a yi minti goma ba ɗigo ya bayyana a wuri uku. A na biyun, layin waldar muka bi da fitila muna neman tsaga, musamman a kusurwoyin baya inda nauyin inji yake. Ba mu samu ba.

Wani abin da ban sani ba sai ranar: alminiyam iri-iri ne. Wanda ake ƙera jiragen teku da shi yana da lambobi kamar 5052, 5083 da 5086, kuma an san su da jure ruwan gishiri. Bahar Maliya kuwa yana cikin tekuna mafi gishiri a duniya, wajen giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin sauran tekuna 35 ne. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma yana da nasa ciwon. Idan ya haɗu da wani ƙarfe kamar tagulla a cikin ruwan gishiri, shi ne ke cinyewa. Guntun wayar lantarki ko kwabon tagulla da ya faɗa ƙasan jirgi aka manta da shi zai iya huda rami a hankali. Saboda haka ba a shafa wa irin wannan jirgi fentin ƙasa mai tagulla, kuma ana ɗaura masa wasu 'yan ƙarafa na zinki domin gishiri ya ci su a madadin jikin jirgin. Da Baba ya ɗaga katakon daɓen jirgin farko, sai ga farin gari da 'yan ramuka kamar zanzana kewaye da wasu kusoshi. Sabon fentin waje ne kawai aka yi.

Sai batun inji. Duka biyun doki 40 ne, amma na jirgin farko irin na zamani ne da ba a gauraya masa mai da baƙin mai, nauyinsa ya kusa kilo 100. Inji ne mai kyau, ba hayaƙi, ba ƙara, ga tsimin mai. Sai dai allon bayan jirgin gajere ne, kuma nauyin ya danne shi. Da ni da abokina muka zauna a baya lokacin gwaji, tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin allon ba ta kai taƙi ɗaya ba. Igiya ɗaya ta biyo mu ta baya, ta shigo. Na biyun yana ɗauke da Yamaha Enduro, irin wanda duk ɗan bakin Neja ya san kukansa, ya fi wancan sauƙin nauyi da kusan kilo 25. Allon bayansa inci 20 ne, da ɗan kwarmi a gabansa mai tare ruwan da ya fantsamo ya mayar da shi waje. Ƙafar inji ma dole ta dace da tsayin allon: akwai ta inci 15, akwai ta inci 20, kuma idan aka saɓa, farfela ko dai ta riƙa kama iska ko ta nutse fiye da kima.

Abu na ƙarshe da ya nuna mana shi ne ɗan farantin da masana'anta ke mannawa kusa da mazaunin matuƙi, mai faɗin yawan mutane da nauyin da jirgi zai ɗauka. Na farko mutum huɗu, na biyu shida, saboda ya fi faɗi kuma gefensa ya fi tsayi. Ya ce mu lissafa da tankin mai, da akwatin ƙanƙara, da anga, da ruwan sha, duk nauyi ne. Nan jikina ya yi sanyi. Na tuna jirgin da ya nutse a kusa da Wara ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da wanda ya kife a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban shekarar, akasarin waɗanda suka rasu yara 'yan Islamiyya. A duka biyun an yi maganar lodi fiye da kima. Mu da muka tashi a bakin ruwa mun saba cewa "akwai sauran wuri" muddin mutum zai iya tsugunawa.

Mun sayi na biyun. Sai da muka ƙara wata huɗu muna tara cikon kuɗin, kuma ba zan ɓoye aibinsa ba. Yana shan mai fiye da ɗayan. Idan muka jefa anga kusa da duwatsun murjani muna jiran najil ko sha'ur, yakan yi ta rangaji, har ƙaramin ɗana ya yi amai a fitarsa ta farko. Mayar da shi kan tirela sai an yi gumi. A zafin Yuli kuma ƙarfen yana ƙona tafin ƙafa, dole muka shimfiɗa masa roba muka kafa rumfa.

Wani ɗan'uwa da ke Riyad ya kira ni kwanaki, yana so ya saya wa ƙannensa jirgi su riƙa jigila a gida. Na ce masa kada ya kwaikwaye ni ido rufe. A rafi mai yashi da wurare marasa zurfi, mai shimfiɗaɗɗen cikin nan da muka ƙi zai iya fi masa amfani. Ya fara tambayar su wane ruwa za su bi, a wane lokaci na shekara, da kaya nawa, sannan ya cire kuɗin rigunan ruwa kafin ya yi cinikin jirgi. A nan Jidda jami'an tsaron iyaka na Haras al-Hudud suna duba takardu da kayan kariya kafin a fita. A gida sau da yawa babu mai dubawa sai kai.

Juma'ar da ta wuce iska ta taso mana da wuri, wajen ƙarfe ɗaya. Muka naɗe fatsa, na sa yara suka zauna a tsakiya da rigunansu, na rage gudu, muka nufi bakin Abhur igiya tana dukan gefenmu. Mun jiƙe sharkaf, kifinmu huɗu kacal. Da muka iso gida uwargida ta leƙa akwatin ƙanƙara, ta ce da mun biya ta kasuwar Bangala da mun fi haka samu. Ta ƙirga yaranta, ta ɗora mai a wuta.