Yadda hular Baba ta dunƙule a takarda

Wasu 'yan gida a Sabiyal sun so a faɗaɗa hoton mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, a sa a firam. A waya hoton tas yake. Da aka buga shi a Jega, inci 10 da 12, sai fuskar ta fito dishi-dishi, zanen hularsa ya dunƙule ya koma ƙananan murabba'ai.

Mai shago aka fara zargi. Ya ɗauko hoton wani ango da injin ya buga ranar, har zaren babbar riga ana gani. Inji ya kuɓuta ke nan. Sai zargi ya koma kan wayar da ta ɗauki hoton, ta wani jikan marigayin da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero. Ita kuwa megafiksel 12 ce, ɗigo 4,000 a tsaye, 3,000 a kwance, ta ishi wannan aiki.

"Alhaji, daga ina hoton nan ya zo wayarka?" mai shago ya tambayi wanda ya kawo hoton.

"Daga guruf ɗinmu na 'yan uwa."

Da aka duba bayanin fayil ɗin, faɗinsa ɗigo 720 ne, nauyinsa bai kai KB 100 ba. Aka bi sawu: jikan ya tura ta WhatsApp, wata ta ɗora a sitatus ranar ta'aziyya, wani ya yi sikirinshot, shi ne ya yi ta yawo.

Galibin hotunan waya JPEG ne, tsarin da ya fito a 1992. Yana yanka hoto murabba'i-murabba'i, ɗigo 8 da 8, ya zubar da abin da ido ba zai lura ba, don fayil ya yi sauƙi. Kowane sabon matsi ƙarin zubarwa ne, ga WhatsApp kuma yana rage tsawon hoto zuwa kusan ɗigo 1,600. Fuskar waya ƙarama ce, tana rufa asiri. Takarda kuwa ɗigo 300 take so a kowane inci, wato 3,000 da 3,600 ga inci 10 da 12.

Wani ya ce a mayar da shi PNG. Gaskiya PNG ba ya zubar da komai, amma abin da aka ba shi yake adanawa, ba ya dawo da wanda ya ɓata. Aka kuma ambaci manhajojin da ke gyara hoto. Waɗannan ƙirƙiro ido da haƙori suke yi da hasashe, ni kam ban yarda a yi wa fuskar mamaci haka ba.

Aka kira jikan, aka ce ya nemo na asali a wayarsa ya turo a matsayin dokumen, don WhatsApp ba ya matsa dokumen. Fayil mai nauyin MB 4 ya iso, aka sake bugawa, zanen hula ya fito zare-zare.