Kuɗin Gina Gida: Abin da Ya Kamata a Lissafa Kafin a Haƙa Harsashi

Kuɗin gina sabon gida ya kasu kashi biyar: fili da takardunsa, zane da izinin gini, kayan aiki, ladan ma'aikata, sai ƙananan hidimomi irin su ruwa da gadi da dakon kaya. Yawancin masu shirin gini bulo da siminti da kwano kaɗai suke lissafawa, sauran kuma su bar shi sai an zo wurin. Wannan ne ya sa bayan garin Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri ya cika da kangaye, gini ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a ɗakuna, ruwan sama na cin bulo shekara da shekaru. Kuɗin da aka zuba a kango ba ya ba da haya, ba ya ba da wurin kwana, kuma kullum raguwa yake yi.

Fili da takardu

Fulotin da aka saba da shi ƙafa 50 ne a faɗi, ƙafa 100 a tsawo, wato kimanin murabba'in mita 465. Farashinsa ya danganta da unguwa, da kusancinsa da titi, da irin takardar da yake da ita. A kan farashin akwai la'adar dillali, da kuɗin safiyo, da na lauyan da zai rubuta yarjejeniyar ciniki.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda galibi ta shekara 99 ce, kuma sayar da fili mai irin wannan takarda yana buƙatar amincewarsa. Takardar mai unguwa ko dagaci tana nuna an yi ciniki a gaban shaidu, amma ba ta maye gurbin ta gwamnati. Filin awon igiya ya fi araha, sai dai yana iya faɗawa kan hanya, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ranar rusau kuma babu diyya. Kafin a biya ko kwabo, ana bincikar asalin fili a hukumar da ke riƙe da rajista, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Idan filin gado ne, ana tabbatar da cewa duk magada sun sa hannu. Yana da kyau kuma a je a ga fili a tsakiyar damina, don filin da yake shar a watan Maris yana iya zama kududdufi a watan Agusta, kuma cikon irin wannan wuri yakan cinye tifofin ƙasa masu yawa.

Zane da izini

Mai zanen gine-gine shi ke fitar da tsarin ɗakuna, injiniya kuma ya lissafa harsashi da ginshiƙai da yawan rodi, musamman idan bene za a yi. Akwai kuma masanin ƙididdigar gini, wanda ke bin zanen ya fitar da adadin kowane kaya a rubuce. Mutane da yawa suna ganin biyan waɗannan ɓarnar kuɗi ne, sai su bar birkila ya zana gida da sanda a ƙasa. Daga baya a ga ɗaki ya yi duhu, ko banɗaki ya zo inda bai dace ba, a rushe bango a sake. Gyara a takarda ba ya cin komai, gyara a bango kuwa yana cin bulo da siminti da ladan yini.

Izinin gini yana fitowa ne daga hukumar tsara birane ta jiha, kamar KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Wanda ya fara aiki ba tare da shi ba yana iya wayar gari ya ga jan fenti a bangonsa, a tsayar da aiki, a ci shi tara.

Kayan aiki

Lissafin da ya fi ɗorewa shi ne na adadin kaya, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2023 ana sayen buhun siminti mai kilo 50 a kan naira 5,000 ko ƙasa da haka. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Wanda ya rubuta cewa gininsa zai ci buhu 300, lissafinsa yana nan daram, sai dai ya sauya farashi. Wanda ya riƙe jimillar kuɗi kawai a kansa, sai ya sake komai daga farko. Nisa ma yana shiga farashi, domin siminti daga masana'antu irin na Obajana da Ashaka da Sakkwato yake tasowa, kuma kuɗin dizal ɗin tirela mai gini ne ke biyansa a ƙarshe.

Bulo iri biyu ne aka fi amfani da su, mai inci 9 da mai inci 6, kuma murabba'in mita ɗaya na bango yana cin kimanin guda 10. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, da tsayin mita 3, bangonsa huɗu sun kai kusan murabba'in mita 44. Idan aka cire gurbin ƙofa da taga, zai ci bulo wajen 400, ban da na harsashi. Katangar fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuwa kewayenta ƙafa 300 ne, kuma idan tsayinta ƙafa 8 ne za ta ci bulo sama da 2,000, wato fiye da na ɗakuna biyar. Katanga da get suna cikin abubuwan da aka fi mantawa da su a lissafin farko.

Araha ba ta ado. Wasu masu buga bulo suna ja wa buhu ɗaya yashi fiye da ƙima don su fitar da guda da yawa. Irin wannan bulo ana gane shi da hannu: a murza gefensa ya yi ta zubar da yashi, a ɗaga shi a saki ya tarwatse. Rodi ana sayar da shi da kauri, milimita 10 ko 12 ko 16, tsawonsa mita 12, kuma akwai wanda kaurinsa bai cika ba, don haka ake auna shi kafin a loda. Kwaɓin kankare na gidan zama galibi kwano ɗaya ne na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ana shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da aka lissafa masa. Rage siminti ko rodi a harsashi da ginshiƙi da dekin wasa ne da rayukan waɗanda za su kwana a ciki.

Irin ƙasar wuri tana sauya kuɗin harsashi sosai. Baƙar laka da ake samu a sassan Borno da Gombe da Adamawa tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, sai ta riƙa tsaga bango idan ba a yi mata harsashi na musamman ba. A ko'ina kuma, ledar da ake shimfiɗawa kafin a zuba daɓen kankare da maganin gara da ake fesawa kuɗinsu kaɗan ne, amma rashinsu ke sa danshi ya hau bango filasta ta riƙa zuba, gara kuma ta cinye katakon rufi.

Ajiyar kaya ma tana da ƙa'ida. Rodi da kwano da tayil ana iya saye a adana idan akwai wuri mai tsaro. Siminti ba ya son jira: ana jera shi a kan katako, nesa da bango da danshi, kuma idan ya wuce wata uku ƙarfinsa yana raguwa, wani ma ya daskare ya zama dutse.

Rufi da ƙarasawa

Kuɗin rufi yana bin fasalin gida. Gini mai kusurwa huɗu yana cin katako da kwano kaɗan. Mai lunguna da yawa da dogon rufi yana cin ninkin haka, kuma kowace mahaɗa wurin yoyo ce. Kwano na gargajiya bandir ake sayarwa, falle 20, na alminiyam kuma da mita, farashinsa na bin kaurinsa.

Da an yi rufi sai mai gini ya ɗauka ya gama, alhali sau da yawa abin da ya rage ya kusa kai abin da aka riga aka kashe. Akwai filasta ciki da waje, wayarin, bututun ruwa, ƙofofi da tagogi da ƙarafan tsaro, silin, tayil, fenti, kayan banɗaki, ramin masai da sokawe, rijiya ko burtsatse da tanki, da jawo wuta da mita. A nan ne ake da damar rage kuɗi ba tare da haɗari ba. Daɓen siminti yana iya riƙe gida har a samu halin tayil, fenti ma yana iya jira. Wayar wuta dai ba a yi mata rowa, domin siririyar waya marar inganci tana zafi idan kaya suka yi mata yawa, kuma tana cikin abubuwan da ke haddasa gobara.

Ma'aikata

Ana biyan ma'aikata ta hanya biyu, yini ko jinga. A biyan yini aiki yakan yi nawa idan babu mai sa ido. A jinga kuma yakan yi sauri, amma gaggawa tana kawo karkataccen bango da kwaɓi marar kyau. Kowace aka zaɓa, ana rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a fayyace aikin da farashinsa da wanda zai sayi kaya, a kuma biya mataki-mataki: bayan harsashi, bayan linta, bayan rufi. Wanda ya ba da kuɗin aiki gaba ɗaya tun farko, shi zai koma yana bin magini da roƙo.

Kaya suna zurarewa ta hanyoyin da ba a lura: buhu ɗaya yau, rodi biyu gobe, tifar yashi da ba ta cika ba. Maganinsa littafi ne da ake rubuta abin da ya shigo da abin da aka fitar kullum, da rasit, da mai gadi amintacce. Masu aiko da kuɗi daga wani gari ko wata ƙasa sun fi kowa shiga wannan matsala, kuma zumunci da yawa ya lalace a kanta. Hoton waya ba ya isa shaida, gara a sa wani masani da ba ya cikin cinikin ya riƙa zuwa yana duba aikin. Ruwa ma kuɗi ne, domin inda babu rijiya, tanka ko 'yan ga-ruwa za a riƙa biya tun daga harsashi har filasta.

Tara kuɗi da tsara aiki

Yawancin mutane da albashi da adashi da ribar kasuwa suke gini, kaɗan-kaɗan. Ma'aikatan da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, suna iya neman rance daga bankin lamunin gidaje na tarayya a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya cikin shekaru har 30, amma sai da ingantacciyar takardar fili. Masu guje wa riba kuma suna da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012.

Daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ƙarfinsa bai kai gida mai ɗaki biyar ba yana iya sa a zana masa gidan gaba ɗaya, ya gina ɗaki biyu da banɗaki da kicin, ya rufe, ya tare, kuɗin hayar da yake biya ya koma cikin sauran aikin. Kowane mataki ana tsayar da shi ne a inda ruwan sama ba zai ɓata shi ba, wato a kan daɓen harsashi ko bayan rufi. A kan jimillar lissafi ana ƙara aƙalla kashi 10 cikin ɗari saboda fashewar bulo da abin da ba a zata ba, kuma kafin a shiga kowane sabon mataki ana komawa kasuwa a sake tambayar farashi.