Jar Fitila a Motar Haƙa Ƙasa: Inji ne Ko Na'ura?

Cikin fitilun da ke allon gaban direban motar haƙa ƙasa, watau irin katafilar nan mai dogon hannu da bokiti, babu wadda ta kai jar fitilar baƙin mai tayar da hankali. Idan ta kama, abu biyu ne: ko dai mai ya daina isa ga gaɓoɓin inji da ƙarfin da ya kamata, ko kuwa 'yar na'urar da ke auna ƙarfin man ce take ƙarya. Na farko yana iya kashe inji cikin mintoci kaɗan. Na biyu kuwa gyaran rabin yini ne. A tsakaninsu ne ake asarar kuɗi masu yawa a Ma'aikatun Ayyuka da kamfanonin kwangila, domin wani direban yakan ƙyale fitilar ya ci gaba da haƙa har inji ya buga, wani bakaniken kuma yakan kwance lafiyayyen inji saboda 'yar waya guda da ta goge.

Aikin farko na direba ne, shi ne ya ajiye bokiti ƙasa ya kashe inji nan take. Bayan 'yan mintoci, a wuri mai daidaito, sai a zaro sandar gejin mai. Ba yawan man kaɗai ake dubawa ba. Idan ya haura alama, ya tsinke, yana warin man gas, to dizal ne ke zuba cikinsa. Idan ya yi fari kamar an dama madara, ruwa ya shiga. Ya kamata a kuma tambayi inda motar take lokacin da fitilar ta kama, gama idan tana aiki a gangare mai tsanani man yakan taru gefe guda, famfo ya zuƙi iska.

Na'urar kanta iri biyu ce. A tsofaffin motoci makunni ce kawai mai waya ɗaya: idan babu ƙarfin mai sai ta haɗa wuta fitila ta kama. Wayar nan in ta goge ta taɓa ƙarfe, fitila ba za ta mutu ba ko da inji lafiya lau yake. In kuwa ta tsinke, fitila ba za ta ƙara kamawa ba, wannan ya fi haɗari. Shi ya sa ake son direba ya ga fitilar ta kama kowace safiya da ya murɗa makulli, kafin ya tayar da inji.

Motocin zamani suna da mai waya uku. Ɗaya tana kawo wuta bolt 5 daga kwamfutar inji, ɗaya ta ƙasa ce, ta uku kuma tana mayar da saƙo, galibi tsakanin bolt 0.5 da 4.5 gwargwadon ƙarfin man. A injinan da ke bin tsarin J1939, lamba 100 ita ce ta ƙarfin baƙin mai, lambar da ke biye da ita kuwa ita ke faɗin irin ciwon. Idan 3 ce, wutar saƙo ta yi sama fiye da kima. Idan 4 ce, ta yi ƙasa. Duka biyun maganar waya ce ko soket ko na'ura. Amma idan 1 ce, kwamfuta na cewa saƙon ya iso daidai, man ne ba shi da ƙarfi. Wannan ba ta ɗaukar wasa.

Bakanike mai lura yakan fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ya kunna makulli ba tare da tayar da inji ba: allo ya kamata ya nuna sifiri, in ya nuna wani abu dabam to akwai ƙarya. Ya zare soket ya duba tsatsa, da laima, da baƙin man da kan ɓullo ta cikin na'urar in ta fashe. Ya auna bolt 5 ɗin da mita, ya girgiza ɗaurin wayoyi yana kallon allo. Motar haƙa wuni take tana jijjiga cikin ƙura da zafi, saboda haka waya takan goge a inda ta jingina da ƙarfe. Idan na'urori biyu ko uku suka yi ƙara lokaci guda, sau da yawa wayar wutar da suke tarayya a kanta ce ta lalace.

Duk da haka, alƙalin da ke yanke hukunci shi ne geji mai allura, wanda ba ruwansa da wutar lantarki. Akan kwance na'urar a ɗaura shi a gurbinta, a tayar da inji ana kallon allura. In ba ta motsa ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, a kashe. In ta tashi, a bar inji ya yi zafi sosai, domin mai sanyi yana da kauri, yakan rufa wa tsohon inji asiri. Sai a gwada a ƙaramin gudu da babban gudu, a kwatanta da littafin kamfani. Alal misali, injin Cummins 6BT, wanda ke cikin motocin haƙa da dama, ba a yarda ya gaza psi 10 a ƙaramin gudu ba, ko psi 30 a cikakken gudu.

Idan geji ya nuna ƙarfi daidai alhali allo na kuka, laifin na na'ura ne ko waya. Idan kuwa geji ya gaskata allo, sai a yanka filtar mai a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, a duba rariyar famfo da bawul ɗin rage matsi, kafin a kai ga zancen sauke inji.

Akwai wata mummunar al'ada da ta zama ruwan dare a wuraren aiki, watau zare soket ko yi wa waya dabara don a rufe bakin fitila a kammala kwangila. Jami'in da ake kawo wa takardar neman kuɗin gyaran inji yana da haƙƙin ya nemi a rubuta masa abu uku kafin ya sa hannu: lambar da allo ya nuna, adadin da geji mai allura ya nuna inji na da zafi, da awowin da motar ta yi tun juyen mai na ƙarshe.