Alminiyam Ma Yana da Tasa Tsatsar: Daga Shirinmu na Wannan Mako

Wanda ya taɓa sauka a Nima ko Maamobi a Accra, wato Ankara yadda muka saba faɗa, ya ga tagogi da kwanon rufi na alminiyam ko'ina. Ba mamaki, tun 1967 kamfanin VALCO ke narka shi a Tema da wutar madatsar Akosombo. Mai sayarwa zai ce maka ba ya tsatsa. To, rabin gaskiya ya faɗa maka.

Jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe kam ba ya yi, don da ya sha iska sai wata siririyar fata ta rufe shi. Amma Ankara bakin teku take, kuma gishirin da ke cikin iskar yana huda wannan fatar. Sai ka ga farin gari kamar toka, ka goge, ka tarar da ƙananan ramuka. Abin ya fi muni inda aka kafa shi da ƙusar baƙin ƙarfe ko ya haɗu da jan ƙarfe cikin danshi: alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Ɗanyen siminti ma yana cin sa, haka fitsarin shanu da ya kwana a kansa.

Maganin shi ne fentin shimfiɗa, wanda masu fenti ke kira firaima. In aka shafa fenti kai tsaye, ɓarewa zai yi kamar ɓawon albasa, don alminiyam santsi gare shi. Sai an wanke maiƙo, an goge da sanfefa, a shafa firaima mai ɗan asid da ke kama jikin ƙarfen, ta bushe, sannan fenti ya hau. Kada wani ya lallaɓe ka da jar firaimar nan ta ƙofofin ƙarfe, ba tasa ba ce. Ka sa a karanta maka jikin gwangwani, a ga sunan alminiyam.

Akwai wata tsohuwar firaima ruwan ɗorawa mai sinadarin kuromet, wadda aka daɗe ana shafa wa jiragen sama. Aiki kam tana yi, sai dai ƙurarta na jawo sankarar huhu, shi ya sa Tarayyar Turai ta tsaurara doka a kanta. In za ka kankare irinta, ka rufe hanci da baki.

Ku kuma makiyaya, cikin tukunya, bokitin tatsa da kwamin shayarwa ba a shafa musu ko ɗaya. Gwangwanin fenti ma a kawar da shi daga ruga. Maraƙi lasa yake yi, in kuwa da dalma a ciki tana iya kashe shi.