Ba kowane memwar salula ke ɗauka ba

'Yan uwa manoma da makiyaya na Magariya da Dungas, memwar rumbun salula ne. Cikinsa muke ajiye wa'azi, waƙoƙi da hotunan bisashe. Da jiga ake auna shi.

Iri uku ne a kasuwanninmu. SD bai wuce jiga 2 ba. SDHC, na 2006, ya kai 32. SDXC, na 2009, ya fi haka.

Ƙananan salula masu maɓalli, galibinsu ba su karanta fiye da jiga 32. Wanda ya saya musu na 64, kuɗin riɗinsa ya tafi banza. Akwai kuma jabu: an rubuta 32, cikinsa bai kai ba.

Saboda haka ka tafi kasuwa da salularka. A sa memwar gabanka, ka ga ta karɓa, kana ka biya.