Kafin Ka Yarda da Alƙaluma, Tambayi Yadda Aka Auna

A watan Afrilun 2014 aka wayi gari da labarin cewa Najeriya ta sha gaban Afirka ta Kudu, ta zama ƙasa mafi girman tattalin arziki a nahiyar, da arzikin da ya kai kusan dala biliyan 510. A daren nan ba a buɗe sabuwar masana'anta ba, ba a kuma ƙara wa kowa ko sisi ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta sabunta lissafinta, ta daina dogaro da farashin 1990 ta koma na 2010, ta kuma ba harkokin sadarwa da finafinai nauyin da ya dace da su. Lissafin daidai yake. Sai dai bai ce komai ba game da tukunyar gidan talaka, domin ma'aunin da ake kira GDP yana tara darajar duk abin da ƙasa ta samar ne a shekara, ba ruwansa da yadda aka raba.

Shi ya sa ake buƙatar wasu ma'aunan. A Nuwamban 2022 hukumar ta fitar da rahoto kan talauci mai fuskoki da dama, wanda ya duba lafiya, ilimi, ruwan sha, makamashin girki, muhalli da aikin yi. Ya nuna cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin wannan hali, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A Sakkwato adadin ya kai kashi 91, a Ondo kuwa 27. Adadin ƙasa baki ɗaya yakan ɓoye irin wannan tazara, don haka ka riƙa neman na jiharka.

Wurin da aka fi ruɗa jama'a shi ne sauyin ma'auni. An ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3. A 2023 sai aka ji ya koma 4.1. Ba aiki ne ya wadata ba. A da sai mutum ya yi aikin aƙalla awa 20 a mako ake fitar da shi daga sahun marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, awa ɗaya tak ta isa. Wanda ya auna hatsin bara da tiya, na bana kuma da gwangwani, ba shi da hujjar cewa amfani ya ƙaru.

Haka hauhawar farashi. A Disambar 2024 tana kashi 34.80, a Janairun 2025 ta zama 24.48, saboda an sake jerin kayayyakin da ake bibiya, an mayar da shekarar kwatance daga 2009 zuwa 2024. Ko da ba a sauya komai ba, raguwar hauhawa ba saukar farashi ba ce. A ce abu yana naira 1,000, ya hau da kashi 30 ya zama 1,300. Shekara mai zuwa hauhawar ta ragu zuwa kashi 20, sai ya zama 1,560. Hawan ne ya rage gudu, amma kuɗin da za ka biya ƙaruwa ya yi.

Duk wannan ba dalili ba ne na yin watsi da ƙididdiga. Da ita ake sanin inda asibiti ya yi ƙaranci da inda yara ke mutuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma kashi 37 na ƙananan yara sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Irin waɗannan alƙaluma ne ke nuna ainihin lafiyar ƙasa. Matsalar ita ce tushen lissafin kansa ya tsufa: rabon da a ƙidaya jama'a tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140. Duk adadin da kake ji yau ƙiyasi ne.

Saboda haka, idan ɗan siyasa ko mai yaɗa saƙo a WhatsApp ya kawo maka wata lamba, yi masa tambaya huɗu: Wa ya fitar da ita? A wace shekara? Me aka ƙirga, kuma da ma'aunin bara aka auna? Mene ne adadin yankinmu? Wanda ya kasa amsawa, kada ka tura saƙonsa gaba.

Mu ma da namu nauyin. A yi wa jarirai rajistar haihuwa, kuma idan ma'aikatan ƙididdiga masu ɗauke da katin shaida suka zo, a gaya musu gaskiya, ban da ƙari, ban da ɓoyo. Ƙauyen da yaransa ba sa cikin lissafi, da wuya a tuna da shi ranar rabon ajujuwa da allurar rigakafi.