Mene ne HSK, kuma yaushe ɗalibin Sinanci zai iya karanta jarida?

Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamban 2024, zinariyar Anka da Bukkuyum ta dawo cikin labarai, kuma da wuya a yi zancen ma'adinai a Najeriya ba a ambaci Sinawa ba. Matashin da ke neman aikin tafinta, ko karatu a ƙasar Sin, zai yi ta cin karo da HSK.

Jarrabawa ce ta auna ƙwarewar baƙo a Sinanci. A tsarin da aka saba, mataki 6 gare ta: na 1 kalma 150 yake buƙata, na 5 kuwa 2,500. A na 5 ɗin ne ake sa ran mutum ya iya karanta jarida.

Kafin nan fa? Ka fara karanta labari a shafin CRI Hausa, sashen Hausa na gidan rediyon ƙasar Sin da ke aiki tun 1963, sannan ka nemo shi da Sinanci a shafin Xinhua, kamfanin dillancin labarai na ƙasar Sin. Sanin labarin zai taimaka maka wajen gane haruffan. Sinancin Xinhua tsaf yake, sai dai da bakin gwamnati take magana, don haka ka leƙa sashen Sinanci na BBC ko DW.

Mai farawa ya dakata da jaridun Taiwan da Hong Kong tukuna, domin da tsofaffin haruffa suke rubutu.